Ƙunshin Naman da Ake Kawo Mini Kullum Yamma

Gwaggo,

Ki taimake ni don girman Allah, na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana. Ƙila ma na girme ki, amma tunda Gwaggo kowa yake ce miki a wannan fili, ni ma Gwaggo zan ce. Ban saba dogon rubutu ba, in kin ga ina ta kewaye-kewaye ki yi haƙuri da ni. Zan faɗi komai, har wanda ba ya mini daɗin faɗa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Mijina mahauci ne, wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Shekara talatin da ɗaya muka yi tare, kuma ban tuna ranar da na ɗora tukunya babu nama a ciki ba. Kullum yamma zai hawo benenmu da ƙunshi a hammata, an naɗe shi da takarda mai ruwan ƙasa an ɗaure da zare. Zai ƙwanƙwasa sau biyu duk da yana da makulli, ya dire ƙunshin a kan teburin kicin, ya wuce wanka. Yakan ce miyar da ba nama bazawara ce, sai a yi mata addu'a. Da yana nan da ya sha dariya, don yau ni da miyar tawa duk mun zama abu ɗaya.

Shekara huɗu kafin ya rasu likita ya ce masa ya rage nama, jininsa ya hau. Na gwada, Gwaggo, Allah ya sani na gwada. Mako guda na yi ina rage masa. Ya ture kwano, ya koma cin abinci a kasuwa. Sai kunya ta kama ni, a ce matar mahauci ce mijinta ke zaman benci a wajen mai abinci. Na koma yadda muka saba. Har ma ni ce nake tsamo mai kitsen in tura gefensa, don na san shi yake so, kuma ina son in ga fuskarsa in ya tauna. Wata safiya ya yanke jiki ya faɗi kusa da kututturen da yake sara nama a kai, wuƙa na hannunsa. Ɓarin jikinsa ya shanye. Kwana tara ya yi a asibiti bai ce mini ko kalma ɗaya ba, ni ma ban samu bakin ce masa ya yafe mini ba.

Yana da abokin sana'a, rumfarsu ɗaya, sikelinsu ɗaya tun suna samari. Tsoho ake ce masa. Mijina ne ya laƙaba masa sunan tun yana ɗan shekara ashirin saboda tafiyarsa ta a-hankali, yanzu kuwa shekaru sun zo sun iske sunan. Ni Yaya nake ce masa, shi kuma har yau Amarya yake ce mini, da furfurata da komai.

Ranar da 'yan gaisuwa suka watse gida ya yi tsit, ina zaune da yamma sai na ji an ƙwanƙwasa sau biyu, daidai lokacin da marigayi ke dawowa. Na buɗe, sai ga Tsoho da ƙunshi a hammata. Takarda iri ɗaya, ƙulli iri ɗaya, don wajen maigida ɗaya suka koyi fawa. Ya miƙo mini ya ce, “Amarya, ga na gida.” Sai ya juya ya sauka.

Tun daga ranar bai taɓa fashi ba. Matakala goma sha takwas ce zuwa ƙofata, yana hawa kullum, ko ana ruwa. Ba ya shigowa. A bakin ƙofa yake tsayawa ya tambaye ni yaya na jiya, in ce ya yi daɗi, ya gyaɗa kai. Daga nan ya ba ni labarin kasuwa guda ɗaya, wane ya sake rufin rumfa, 'yar wane ta haihu, sai ya sauka. Duka-duka ba ya wuce minti biyar. Amma Gwaggo, a yini guda wannan ce kaɗai ƙwanƙwasar da ƙofata ke samu. 'Yata tana aure a nesa, sai dai waya. Tun azahar nake fara duba agogo, har ɗankwali nake sakewa kamar mai jiran baƙon kunya, ki yi mini dariya in kin ga dama.

Watannin farko dafawa nake yi in cinye. Ƙunshin mutum biyu ne, don Tsoho bai rage ko tsoka ɗaya daga abin da marigayi ke kawowa ba, ni kuma ba na iya zubarwa. Ina ci ina kuka, ina kuka ina ci. Sai kai ya fara sara mini, in na miƙe ɗaki ya juya, takalmina ya daina shiga da yamma. 'Yata ta zo ta tasa ni gaba zuwa asibiti. Likitar yarinya ce, ba ta fi sa'ar 'yata ba. Ta duba takardun gwaji, ta tambaye ni abin da nake ci a mako. Da na gama lissafa mata sai ta ajiye biro. Ta ce ba ta ce in bar nama gaba ɗaya ba. Sau biyu a mako, tsoka zalla, kada ta wuce tafin hannuna. Sauran kwanakin wake, ganye, kifi, ƙwai jefi-jefi, in kuma ja baya da gishiri. 'Yata ta riga ta ba ta labarin babanta, don haka da za mu fita ta riƙe hannuna ta ce, “Mama, hanyar da Baba ya bi kika ɗauko, amma ke ba ki yi nisa ba.”

Na dawo gida da niyya mai kyau. A nan na gane abin kunya na farko: ban iya girki ba. Ni da mata ke zuwa tambayata sirrin miya! Ashe duk girkina da tafasa nama yake farawa, daga ruwansa komai ke tashi. Ranar farko na yanka albasa na zuba a tukunya, sai na tsaya riƙe da ludayi, ban san abin da ke biye ba. Na dafa wake ya fito lami, ya kumbura mini ciki. Na dafa kabeji ya zama kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Haka nake turawa don dole, ina kallon kujerarsa.

Abin kunya na biyu shi ne ya sa na rubuto miki. Na kasa gaya wa Tsoho. Kullum sai in shirya maganar tun safe, in ya miƙo ƙunshin sai in ji hannuna ya karɓa, bakina ya ce ya yi daɗi. Ya sauka, ni kuma in buɗe firiza in jefa. Za ki ce me ya hana ni bayarwa. Na gwada sau ɗaya, na kai wa maƙwabciyata na ce na sayo ne ya yi mini yawa. Ta dubi ƙullin ta yi dariya, ta ce yaushe matar mahauci ta fara sayen nama. Duk layinmu wajen Tsoho suke saye, kowa ya san ƙullinsa, kuma maƙwabciyar tawa bakinta ba ya riƙe ruwa. Na ji tsoron zancen ya koma masa, ban sake ba.

Makon jiya na tafi wajen 'yata kwana uku don a sake mini gwaji. Tsoho kuwa ce masa na yi jikoki zan gano. Ashe ina fita wayar lantarki ta ƙone a gidanmu, wuta ta ɗauke. Na dawo da rana tsaka, tun daga ƙasan bene warin ya tare ni. Ƙunshi ashirin da uku na ƙirga, ko ɗaya ba a kwance ba. Na zauna a ƙasan kicin na yi kukan da ban yi ba tun ranar rasuwar. Guminsa ne, Gwaggo, da ƙafarsa. Daga baya na tashi na zuba a bokiti don in binne a bayan gida. Sawu na farko na kai lafiya. A na biyu muka yi kiciɓis da shi a tsakiyar matakala, ya tsaya yana hutawa, hannu ɗaya a ƙarfen bene ɗaya a ƙeyarsa, yadda yake yi kwanan nan. Ya leƙa bokitin. Mahauci ba ya buƙatar a yi masa bayani, ga ƙullinsa nan reras yana kallo. Ya matsa gefe ya ba ni hanya. Ya jira har na dawo, ya miƙo mini na ranar, ya sauka. Bai tambaye ni yaya na jiya ba.

Na ɗauka shi ke nan, na kashe zuwansa da hannuna. Washegari sai ga ƙwanƙwasa. Ƙunshin ya fi na kullum nauyi, shi kuma idonsa na ƙasa. Ya ce, “Amarya, ki yafe ni. Ido ya fara rauni, ban lura da irin abin da nake kawo miki ba. Wannan da kaina na ware shi tun da safe.” Na kwance, tsokar gadon baya ce da haƙarƙari mai kitse, irin wanda ake ɓoye wa babban mai saye. Wato shi a ganinsa naman ne bai kai ba, na raina shi na kasa faɗa.

Yau kwana shida yana kawo irin wannan, kuma kwana shidan nan duk na dafa na cinye, don ba zan iya sake jefa shi a firiza ba. Kaina ya koma sarawa. 'Yata in ta kira sai in ce wake na ci.

Gaba kura baya sayaki. In na ci gaba, na san inda hanyar ta nufa, na raka wani a kanta. In na faɗa masa gaskiya, me zai sa dattijo mai mutunci ya hau matakala goma sha takwas ya buga ƙofar matar da mijinta ya rasu, hannu rabbana? Kuma ta yaya zan dubi mahauci in ce masa nama ne ke kashe ni? Ai kamar na ce masa sana'arsu ce ta ci abokinsa, da ita da tukunyata. Ki gaya mini yadda zan yi, ki kuma koya mini abin da ake zubawa bayan albasa.

Taki,
Mai Kujera Biyu

*

Mai Kujera Biyu, 'yar'uwata,

Allah ya jiƙan maigidanki, ya ba ki haƙurin rashinsa. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma ban yi miki dariyar ɗankwali ba. Wanda bai taɓa zama a gidan da ya yi tsit ba shi zai yi.

Bari in fara da abin da ba ya jira. Ciwon kan nan da ya dawo ba na wasa ba ne. Yau ki kira 'yarki ki gaya mata abin da kika ci kwana shidan nan, ki je a auna jininki, ki faɗa wa likita gaskiya ba ragi. Ni ba likita ba ce, duk abin da zan faɗa a ƙasa ki ɗora shi a kan nata. Amma wannan kam na sani, ba a biyan alheri da rai, kuma Tsoho bai roƙe ki haka ba.

Sai maganar tukunya. Kin ɗora wa kanki kayan da ba naki ke kaɗai ba. Maigidanki babban mutum ne, da kunnensa ya ji likita, da hannunsa ya ture kwano. Ciwo irin nasa kuma ba ƙofa ɗaya yake shigowa ba, akwai gado, akwai shekaru, akwai wahalar tsayuwar kasuwa, sannan ga ajali. Ba zan ce miki kitsen bai yi nasa ba, don ba za ki yarda da ni ba. Abin da zan ce shi ne, kin ciyar da mutum abin da yake so saboda kina sonsa, da iyakar sanin da kike da shi a lokacin. Ki nema masa gafara, ki nema wa kanki, ki sauke.

Yanzu Tsoho. Kina ganin shirunki tausayi ne, kuma na yarda da tausayi ya fara. Amma ki duba inda ya kai ku. Dattijo ya shekara arba'in yana fawa, yau yana tafiya da zargin idonsa ya mutu, hannunsa ya lalace, har matar abokinsa ta binne namansa. Wannan ya fi gaskiyar da kike ɓoyewa zafi nesa ba kusa ba. Ki kuma tuna shi ma rashi ya yi. Kullum shi kaɗai yake rufe rumfar da suka saba rufewa su biyu. Kina cewa ƙwanƙwasarsa ce kaɗai kike samu, to wa ya gaya miki shi yana da wata ƙofar da zai je ya ji ƙamshin abokinsa? Zumunci a ƙafa yake, naman nan abin riƙewa ne a hannu don kada kunya ta hana shi zuwa.

Ta ɓangarenki kuma tsoronki yana da tushe. In kika ce masa ya daina kawowa kawai, zai iya jin an sallame shi, ya daina zuwa. Don haka kada ki karɓe masa aiki, ki sake masa wani. Ki nuna masa takardar asibiti, ki buɗe masa tafin hannunki, ki ce likita ta ce iya nan, tsoka zalla ba kitse, sau biyu a mako, kuma ba ki yarda da wuƙar kowa ba sai tasa. Mahaucin da aka ce ya fitar da tsoka tsaf ba a raina shi ba, gwanintarsa aka nema. Sauran kwana biyar ɗin ki ce kina son ya biyo miki da alayyahu, ko kabewa, ko kifi, tunda ta gaban masu sayarwa yake wucewa kuma ba mai sayar masa da na jiya. Ya naɗe a takardarsa ya ƙulla yadda ya saba. Ba sai kin ce nama ya kashe kowa ba. Ki ce jikinki ne ya daina ɗauka, wannan ma gaskiya ce. Ki ba shi haƙurin ƙunshi ashirin da ukun nan sau ɗaya, da kyau, kada ki yi ta maimaitawa.

Abin da ke bin albasa kuwa haƙuri ne. Ɗan mai kaɗan, wuta ƙasa-ƙasa, ki bar ta har ta yi ja ta yi zaƙi. Sannan tafarnuwa da citta, sannan tumatir, ki soya har ruwansa ya tsotse. Daga nan ne ɗanɗanon da kike nema a ruwan nama zai fito. In kina son miya ta yi jiki, cokali biyu na niƙaƙƙiyar gyaɗa ya isa. Wake ki jiƙa shi tun safe, ki zubar da ruwan, ki dafa ya yi laushi sosai, kuma ki fara da kaɗan har ciki ya saba. Kabeji da ganye a ƙarshe ake zuba su, su ɗan risina kawai a sauke. In gishiri ya yi miki ƙaranci a baki, ki matsa lemun tsami. Ranar nama kuma ki yanka shi ƙanana ya bi cikin wake ko ganye, ki tsayar da ranakun guda biyu don kada kullum ki tashi kina gardama da kanki. Makon farko ba zai yi daɗi ba, na biyu da dama-dama. Harshen da ya yi shekara talatin da ɗaya a hanya ɗaya ba ya juyawa rana guda, sannu ba ta hana zuwa.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya sa na ce na karanta sau biyu. Kin rubuta shi a tsakiyar labarin bokiti kika wuce, kamar ba ki ji abin da kika faɗa ba. Kin ce kin iske Tsoho yana hutawa a rabin matakala, hannunsa a ƙeya, yadda yake yi kwanan nan. 'Yar'uwa, shekara nawa yana cin abin da maigidanki ya ci, a rumfa ɗaya? Ban ce yana da ciwo ba, na'ura ce za ta faɗa. Amma duk garin nan ba wanda ya fi ki sanin yadda abin yake farawa, kuma ba wanda zai ji maganarsa kamar ke, don ba wa'azi za ki yi masa ba, takardarki za ki nuna masa. Ranar da za ki koma awo ki ce ya raka ki, shi da matarsa in yana da ita, a ɗaura masa abin awon jini a hannu shi ma. In wakenki ya fara daɗi, ki gayyace su su ci.

Kin ce kwana tara kika yi a gefen gadon maigidanki ba ki samu bakin magana ba. Wannan yana tsaye da ƙafarsa, yana ji, kuma kullum shi yake kawo kansa har ƙofarki. Gobe kafin ya ƙwanƙwasa ki fito da kujera ta biyun nan ki ajiye a bakin ƙofa. In ya iso ki ce ya zauna ya huta, sannan ki amsa masa tambayar nan ta yaya na jiya, wadda ya daina yi.

Allah ya ba ki lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya bar miki wannan ƙwanƙwasa shekaru masu yawa.

Gwaggo